Wanda bai iya iyo ba a tsakiyar Ganga

Abin da ya tsaya mini a rai a Rishikesh, inda kogin Ganga ke gangarowa daga tsaunukan Himalaya a arewacin Indiya, shi ne gajartar karatun. Jagora zai tara ku a gaɓa a Shivpuri, ya miƙa wa kowa filafili da hular kwano da rigar ruwa, ya yi bayanin 'yan mintoci, shi ke nan wai kun zama matuƙa. Ko iya iyo ba sharaɗi ba ne. Daga nan sai tafiyar kilomita 16 cikin jirgin roba, ta inda ruwa ke dukan duwatsu har ya yi fari fat.

Mu mutanen Zuru, idan rafi ya kawo da damina, zama muke yi har ya janye. Ruwa na Sarkawa ne da Gungawan Yawuri, masu tashi da filafili a hannu tun suna yara. Duk wanda ya kalli bikin Rigata a Yawuri, ko wasan Kabanci a Argungu, ya san ba a koyon wannan da hantsi ɗaya. Irin wannan mahaukacin ruwa na Ganga ma mun taɓa samunsa a Bussa, inda Bature mai binciken nan Mungo Park ya halaka a 1806, kafin madatsar Kainji ta shanye wurin a 1968.

Sai dai su a Rishikesh jirginsu kan kife a tsamo kowa yana dariya. Namu na Wara da ya kife a Mayun 2021, kwanaki aka yi ana jana'iza. Nan kam na yi kishi.

In za ka je Rishikesh, kauce wa Yuli da Agusta, damina na rufe harkar. Babbar riga a bar ta a masauki. Ɗaure rigar ruwa tamau; a ja kafaɗunta sama, in ta taɓo kunne ta yi sako-sako. Kada tafin hannunka ya rabu da kan filafili, shi ke cire wa maƙwabci haƙori. Idan ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, kar ka ce za ka miƙe, dutse na riƙe ƙafa. Ruwan kuwa sanyi ƙarara.

Har yanzu ban yarda bayanin 'yan mintoci na mayar da mutum matuƙi ba. Amma masu jiragen Yawuri da Wara, don Allah ku daina ɗaukar fasinja ba rigar ruwa.