Ɓarawon da Ke Kwana a Ɗaka

Kowane ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Wanda ke samun ruwa sau ɗaya a mako ba ya zuba shi a randa mai yoyo. To, wutar lantarki a ƙasar Daura, daga birni har Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, aba ce mai zuwa tana tafiya, kuma da kuɗi ake sayenta. Amma duk da haka gidajenmu da yawa randunan wutarsu suna yoyo, masu gida ba su sani ba.

Ga yadda abin yake. In ka kashe talabijin da rimot, ba mutuwa ta yi ba, gyangyaɗi take yi. Wani sashe a cikinta yana nan a farke, yana jiran ka sāke latsawa. Ɗan jan hasken nan da kake gani a gabanta shi ne shaida. Haka dikoda take, haka rediyo mai agogo, haka abin sautin da yara ke haɗawa da waya. Muddin suna jone da soket, makunnin bango kuma yana kunne, to, suna shan wuta.

Ni kam na tashi a hannun kakata, wadda ba ta yarda a bar fitila tana ci a ɗakin da ba kowa. Takan ce kananzir ba ruwan rijiya ba ne. Saboda wannan tarbiyya, da aka sa mini mita mai kati, sai na so in san inda kuɗina ke tafiya. Wata rana da dare na kashe ƙwayaye da fanka da firji, na kashe sauran kaya da rimot, na fita na duba mita. Sai na ga ɗan haskenta yana ƙyaftawa jifa-jifa, watau har yanzu tana ƙirga. Na koma ɗaka na ɗora hannu bisa dikoda, na ji ta da ɗumi. Ɗumin nan kuwa ba daga ko'ina ya fito ba sai daga aljihuna.

Kai da ka koyi karatu da lissafi, zo mu ƙirga tare. Ana auna ƙarfin wuta da wat. Abin da ke shan wat 1,000 cikin sa'a guda ya sha yunit ɗaya. Mu ƙaddara kayan gidanka duka suna shan wat 20 suna gyangyaɗi, ana kuma ba ku wuta sa'a 10 a yini. Cikin kwana 5 yunit ɗaya ya tafi, a wata yunit 6, a shekara yunit 73. Sai ka duba takardar da ka sayi wuta, ka ga nawa ne yunit a unguwarku, ka ninka. In gida 1,000 suka yi haka, wutar da ke zuba a banza ta isa ta kunna ƙwai 2,000 masu wat 10. Ashe gaskiyar mutanen dā, da yayyafi kogi kan cika.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A shekarar 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda ke Faris, ta yi kira ga masu ƙera kaya kada abin da suka ƙera ya wuce wat ɗaya in yana jiran aiki. Ƙasashen Tarayyar Turai suka mai da wannan doka daga 2010, a 2013 kuma suka rage shi zuwa rabin wat. Don haka sababbin kaya masu kyau ba su da ci sosai, cajar waya ta kirki ma abin da take sha ita kaɗai bai taka kara ya karya ba. Amma tsohuwar talabijin da aka ƙera kafin dokar, da dikoda, waɗanda wasu irinsu kusan ɗaya ne cinsu a kunne ko a kashe, su ne abin lura.

Wanda ke da sola da batir da inbata, hasararsa ta fi ta mai mita zafi. Batir tulu ne, abin da rana ta zuba masa shi ke nan. In kayan da ba a amfani da su suka kwana suna tsotsa, ga inbata ita ma tana shan nata, sai fanka ta tsaya kafin asuba, a tsakiyar zafin bazara, yara su tashi suna kuka. Akwai kuma wata fa'ida. Sa'ad da aka dawo da wuta, wani lokaci takan zo da ƙarfi fiye da kima. Abin da aka zare daga bango ba ya ƙonewa, rigakafi kuwa ya fi magani.

Maganin ba ya bukatar ko kwabo. Yawancin soket ɗinmu suna da makunni a jikinsu. In an gama kallo, a kashe daga bango. In kayan suna da yawa, a haɗa su a soket mai baki da yawa, a kashe su gaba ɗaya. In an ɗauke wuta, a zare su kafin a kwanta. Firji kaɗai za a ƙyale, balle in akwai magani ko abinci a ciki. A gidana ƙaramin ɗana na ɗora wa wannan aiki bayan sallar lisha, yana kuwa yinsa da alfahari, kamar an naɗa shi sarautar gida.

Addininmu ya hana almubazzaranci, ko da a ruwan alwala ne. Tanadi ba rowa ba ne. Yau da dare, kafin ka kwanta, kashe fitila ka dubi ɗakinka, ka ƙirga jajayen idanun da ke kallonka. Kowane ɗaya daga cikinsu kai ne ke biyansa.