Ranar zango a Dongola

Fataken da sun san cewa saurin ƙafa kaɗai ba ya kai ayari gida, sai madugu ya san inda za a yada zango. Dokar nan ba ta sake ba, ko da abin hawa ya tashi daga raƙumi ya koma keke.

A watan Janairu na 2003 ne aka buɗe tafiyar keke mai suna Tour d'Afrique, daga Alƙahira zuwa birnin Kap na Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 12.000 cikin wata huɗu. Da yawa daga cikin mahayan sukan fito da alkawari a wuyansu, domin dangi da abokai sun zuba kuɗi saboda wata asibiti ko makaranta, bisa sharaɗin za a taka keke har ƙarshe. Gidauniyar tafiyar kuma takan raba kekuna ga ma'aikatan lafiya na karkara.

A shekarun farko, ayarin yakan shiga jirgin ruwa a Aswan, ya ratsa tabkin Nasar, ya sauka Wadi Halfa cikin Sudan. Daga nan zuwa Dongola wajen kilomita 400 ne, kuma lokacin ba a shimfiɗa kwalta ba, sai rairayi da tsakuwa da gargada. Shi ya sa ranar hutu a Dongola ta zama abin marmari.

Sai dai sunanta kawai hutu. Tun da safe, sanyin hunturu bai saki ba, kowa ya duƙufa ga wanki, igiyoyin tanti sun cika da tufafi. Daga nan sai keke: a wanke sarƙa da ƙura ta cinye, a sa mai, a liƙe tayoyin da ƙaya ta huda. Wanda ya yi sakaci yau, gobe zai tsaya a dajin da babu inuwa.

Babbar shari'a tana gaban likitan ayari. Ga mai gudawa, ga wanda sirdi ya yi wa gyambo, ga mai kumburin gwiwa. A nan ake yanke wa mutum ko gobe zai hau keke, ko zai shiga motar kaya. Shiga mota ba laifi ba ne, amma wanda ya ce wa masu taimako zai taka kowane taƙi na hanya da ƙafarsa, abin yakan yi masa nauyi. Wani ya saurari likita ya yi asarar kwana biyu, wani ya yi taurin kai ya yi asarar wata guda. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Bayan azahar gari yakan karɓi baƙinsa. Dongola, babban birnin jihar Arewa, tana gaɓar yamma ta kogin Nilu, tsakanin gonakin dabino da alkama. A kasuwa ana cin ful, wato dafaffen wake da man riɗi da burodi, mata masu shayi na zaune gaban gawayi, randunan ruwa kuma suna jere bakin hanya sadaka ga mai wucewa. Baƙon da ya zo da niyyar bayarwa yakan tarar an riga shi, domin sau da yawa wani ya biya masa kuɗin shayi ba tare da ya tambayi sunansa ba.

Ƙasar tana da tarihi. Kusa da nan aka haifi Muhammad Ahmad, Mahadin Sudan, kuma a 1896 sojojin Kitchener suka ci garin. Kilomita 80 a kudu akwai kufan tsohuwar Dongola, gadon sarautar Kiristocin Makuriya, inda aka mai da fadar sarki masallaci a 1317.

Da magariba akan cika gorunan ruwa, a kwanta da wuri, domin saura kimanin kilomita 500 a kai Hartum, mafi yawa cikin hamada.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya rufe wannan hanya ga masu yawon keke. Mutanen da suka shayar da baƙi jiya, yau su ne ke karɓar ƴan uwansu da suka gudo daga Hartum, kuma su ne suka fi kowa bukatar a tuna da su. Allah ya kawo zaman lafiya.