Harshen da ya raina shi ya fisshe shi

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Wani mushen lakwal na Damagaram, wanda ya shekara ashirin yana koyar da Ingilishi, bai gaskata wannan zance ba sai da yayansa, babban ɗan kasuwa, ya ɗauke shi tafinta zuwa Las Palmas, a tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya. Yayan dai allo kawai ya yi. Mushe kuwa ya tafi yana taƙama da harsunan Turai guda biyu.

Tun ranar farko abin ya ci tura. Ya ga kalmar calle, watau titi, ya karanta ta «kal» irin ta Faransanci, alhali «kaye» ake cewa. A kanti ya so tambayar kuɗin caja, watau kwali, ya furta j ɗin yadda ya saba, mai kanti ya zaci casa yake nufi, watau gida. Aka yi ta dariya, ciniki ya tsaya.

Da dare yayan ya ce masa: «Mushe, rufe takardar nan ka buɗe kunne. Ni dai ji nake bakin mutanen nan ya fi kusa da namu.»

Maganar ta yi masa zafi, amma da ya natsu sai ya ga gaskiya ce. Wasulan Sipaniyanci 5 ne, a, e, i, o, u, kuma yadda Bahaushe ke faɗarsu haka suke. Mai Ingilishi yakan ja su ya lanƙwasa, mai Faransanci yakan tura wasu ta hanci. Nan babu ko ɗaya. Harafin r da ke wahal da Ingilawa, a bakin Bahaushe yake: na pero, watau amma, bugu guda ne kamar na «tara» ta ƙidaya, na perro, watau kare, kaɗawa ce kamar ta «sharri». Harafin j kuwa ɗan'uwan ha mai ruwa ne na makarantar allo, a tsibiran ma ya fi kusa da h ɗinmu, saboda haka caja «kaha» ce. Shi h nasu ba a faɗarsa, v kuma da b duk murya ɗaya.

Abin da ya ƙarasa kashe masa jiki shi ne alcalde, magajin gari. Asalinta kalmar Larabci ce, wadda ita ce ta haifi «alƙali» a Hausa. Haka azúcar da sukari, tushensu guda. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492, sawunsu kuma bai goge daga harshen ba.

Kashegari mushe ya koma kanti, ya yi tambaya da bakin da uwarsa ta koya masa, aka gane, aka daidaita. Sai dai ya kiyaye da sesenta da setenta, 60 da 70, domin harafi guda ke raba riba da faɗuwa.

A hanyar komawa ya tuna yaran da ya sha yi wa bulala don sun yi Hausa a harabar lakwal. Bai ce wa yayansa kome ba. Amma da aka koma aji, darasinsa na farko da Hausa ya buɗe shi.