Numfashi Ma Sai An Koya

Ni akawu ne, kuma kowa ya san yadda ƙarshen wata ya ke ga akawu. Ran nan ina fama da lissafin da ya ƙi daidaita, sai ga wani dattijo, sa'an mahaifina, da takarda a hannu. Ya ce, "Ɗana, taimake ni ka karanta mini wannan." Ban ko ɗaga kai ba, na daka masa tsawa. Ya naɗe takardarsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya fita. Daren nan kunya ta hana ni barci.

Ashe wani Ba'indiye da ya zo biyan kuɗi ya ga abin da ya faru. Da muka sake gamuwa, sai ya ce ya lura sa'ad da raina ya ɓaci numfashina ya gajarce, ya tsaya a ƙirji, kamar na wanda kare ya koro. Ya ce a ƙasarsu akwai wani tsohon ilimi na horar da jiki da zuciya, sunansa yoga. Wani malaminsu na dā, Patanjali, ya kasa shi kashi takwas, na huɗu shi ne sarrafa numfashi, watau pranayama. Ilimin nan ya bazu, har a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni.

Na ce masa ni Musulmi ne, yoga kuwa tushensa na cikin addinin Hindu. Ya ce in bar musu ibadarsu, in ɗauki numfashin kaɗai, gama huhu na kowa ne.

Ga abin da ya koya mini. Ka zauna ka miƙe bayanka, ka ɗora hannu a ciki. Ka ja iska ta hanci sannu a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, har cikin ya taso. Kāna ka sake ta kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Ka yi haka kamar minti biyar. Baligi a zaune ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, amma da wannan sai ya koma kamar sau shida. Dalilin tsawaita fitarwa kuwa, sa'ad da iska ke fita bugun zuciya ya kan lafa. In ka ji jiri, ka dakata. Mai ciki da mai hawan jini kada su riƙe numfashi, kuma wannan ba ya maye gurbin likita.

Da na fara, sai na tuna makarantar allo, inda malam ya kan hana mu yanke aya ko'ina, sai mun kai waƙafi mu numfasa. Ashe magana ma tana da waƙafi.

Yanzu in fushi ya taso, na kan numfasa sau uku kafin in buɗe baki. Wani lokaci fushin ya kan riga ni, amma sannu ba ta hana zuwa. Dattijon nan dai bai sake dawowa ba, har yau ban san abin da ke cikin takardarsa ba.

Ɗan'uwa mai karatu, kai ma dā wani ke karanta maka. In an kawo maka takarda ranka a ɓace, numfasa tukuna. Allah ya ba mu haƙuri, amin.