Maniyyacin Keffi A Madina: Wace Ziyara Zai Taka Da Ƙafa?

Mutanen Keffi ba baƙin tafiya gabas ba ne. A shekarar 1902, bayan da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, sai ya bar garin ya nufi Kano, daga bisani ya bi Sarkin Musulmi Attahiru cikin hijira, har ajali ya same su a Burmi a 1903. Sauran jama'ar suka ci gaba, wasunsu suka zauna a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. A wancan zamani alhaji yakan yi shekaru a hanya, yana noma yana ƙodago, kafin ya ga Bahar Maliya.

Yau kuwa jirgin sama ya naɗe ƙasa, amma ya zo da tasa matsalar, watau ƙarancin lokaci. Da can alhazanmu sukan yi kwana 8 a Madina don su sami salla 40, amma a 'yan shekarun nan Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta rage kwanakin zuwa 4 ko 5. To, mutumin da ya tara guzuri shekara da shekaru, yana kuma ƙaunar ya taka inda Manzon Allah (SAW) ya taka, wace hanya ya kamata ya zaɓa?

Hanyoyi uku ne suka fi jan hankalin alhazai. Ta farko ita ce ta Masallacin Ƙuba, kimanin kilomita 3 da rabi kudu da Masallacin Annabi. Ta biyu ita ce ta Uhudu, wajen kilomita 5 ta arewa, inda aka gwabza yaƙi a shekara ta 3 bayan Hijira, inda kuma Sayyidina Hamza da shahidai kimanin 70 suke kwance. Ta uku a Makka take, watau hawan Dutsen Nur zuwa Kogon Hira, inda aka fara saukar da wahayi.

A ganinmu, Ƙuba ce ta fi cancanta, kuma ga dalilai. Da fari dai tana da asali a sunna, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi yakan je can kowace Asabar, wani sa'i a ƙasa, wani sa'i bisa abin hawa. Ibn Majah kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi tsarki a gidansa ya je ya yi salla a cikinsa yana da lada kamar na Umra. Na biyu, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, an keɓe ta ga masu tafiyar ƙasa, ga wuraren zama ga kantuna, har dattijo yana iya kaiwa cikin sa'a guda ba tare da gaggawa ba. Kafin a isa kuma za a wuce kusa da Masallacin Juma'a, inda Annabi ya yi Juma'arsa ta farko a Madina a shekarar 622.

Uhudu ziyara ce mai girma, amma ta fi nisa, ga ƙarancin inuwa, ga manyan tituna, saboda haka a tafi a mota tare da ayari. Hira kuwa hawa ne mai tsanani wanda ke cin gwiwa, alhali ba ya cikin ayyukan Hajji ko kaɗan.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙyuya muke koyarwa. Babbar tafiya tana gaba: ga ɗawafi, ga Safa da Marwa wadda ta ɗara kilomita 3, ga zirga-zirgar jifan Shaiɗan daga tantunan Mina kwana da kwanaki. Waɗannan su ne aikin da aka je yi, kuma wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kan nafila yana iya gaza farilla. Zafin ƙasar kuma ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya cikin rana babu mafaka.

Don haka maniyyaci ya fara shiri tun yana Keffi. Ya riƙa taka ƙasa bayan sallar Asuba, cikin takalman da zai tafi da su, har ƙafa ta saba. In ya isa Madina, ya yi alwala a masauki, ya fita da sassafe ko bayan Isha'i, da gorar ruwa da katin masaukinsa, kuma kada ya tafi shi kaɗai. In gajiya ta zo, ya dawo a mota, babu laifi.

Allah ya kai su lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya dawo mana da su lafiya, amin.