Irin da Ruwa Bai Ci Ba

A daminar 2010, da gulbin Rima ya cika ya batse daga Goronyo, ya malalo fadamar Wurno, rumbunanmu uku suka narke cikin dare ɗaya. Abin da ya tsira shi ne tiya biyar ta irin shinkafa, wadda Inna ta kai ajiya gidan ƙanwarta a Rabah muna yi mata dariya. Da wannan irin muka yi noman rani, muka rayu.

Tun daga lokacin, kowace kaka nakan kasa amfanin gona uku: na ci, na sayarwa, da na ajiya can kan tudu. Takardun gona kuwa suna cikin leda, rataye a bakin ƙofa.

Inna ta rasu. Yanzu ni 'ya'yana ke yi wa dariya idan na ɗaure buhu zuwa Rabah. Nakan ƙyale su, domin ni ma na yi.