Wa Ke Biyan Kuɗin Lokacin Marubucin Almara?

A shekarar 1936 aka ɗauke wa Malam Abubakar Imam aikin koyarwa na tsawon wata shida. Ya bar Makarantar Midil ta Katsina ya sauka a Zariya, inda Rupert East, shugaban Hukumar Talifi, ya tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai. Ba a ɗora masa komai ba sai karatu da rubutu. A wannan ɗan zama ya samar da Magana Jari Ce, juzu'i uku masu ɗauke da labarai sama da 80, waɗanda har gobe ake karantawa a makarantu. Akan kawo wannan tarihi don nuna hazaƙar Imam, kuma babu mai ja da ita. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika tsayawa a kansa ba: wata shidan nan hukuma ce ta saye su ta miƙa masa.

Wanda ke da burin rubuta labarin almara a yau, a gari irin Jandutsi da ke ƙaramar hukumar Jega ta Jihar Kebbi, ba shi da wata Hukumar Talifi da za ta yi aronsa. A ƙaddara malamin sakandare ne. Da safe yana aji. Da la'asar yana gona, domin albashi kaɗai ba ya riƙe gida, kuma ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ƙasa ce ta noman damina da na rani: gero da dawa da shinkafa, ga kuma albasar da ta kai sunan Aliero har kasuwannin kudu. Dogon hutun makaranta kan faɗo a watan Agusta, daidai lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. A tsakani akwai suna da ɗaurin aure, akwai jana'iza da zaman gaisuwa, akwai kai mara lafiya asibiti a Jega ko Birnin Kebbi. Duk waɗannan haƙƙoƙi ne da ke kansa. A wayarsa kuma akwai babi huɗu na wani labarin sarauniyar ruwa da ya shekara biyu bai wuce nan ba. Sauran babukan na bukatar lokaci, kuma dole wani ya biya kuɗin lokacin nan.

Irin cin da almara ke yi

Kowane rubutu na cin lokaci, amma almara tana da nata irin cin. Mai rubuta labarin soyayya ko na zaman kishiyoyi yana gini ne a kan duniyar da shi da mai karatu suka riga suka sani. Ba sai ya tsaya bayyana mene ne lefe ko gara ba. Mai almara kuwa shi ne maginin duniyarsa, shi ne alƙalinta, shi ne mai adana tarihinta. Idan ya ce takobi ba ya cin wanda ya sha ruwan wani tafki, wannan ta zama doka da za ta bi shi har shafi na 200. Idan tafiyar kwana bakwai ce tsakanin birnin mutane da na aljanu, ba za ta koma ta kwana biyu ba don kawai marubuci ya ƙosa. Mai karatu zai yarda da doki mai fiffike, amma ba zai yafe wa marubucin da ya manta cewa fiffiken ya karye a babi na uku ba.

Saboda haka babbar asarar da ma'aikaci mai iyali ke yi ita ce yankewar zare. Idan ya yi mako uku bai leƙa labarinsa ba, sa'ar farko da ya samu za ta tafi wajen tuno wa ya mutu, wa ke bin wa fansa, ina aka baro jarumi. Kafin murhu ya sake kamawa, an yi sallama da shi a ƙofar gida.

J.R.R. Tolkien, wanda ake kallo a matsayin uban almarar zamani a Ingila, ya ɗanɗani wannan. Farfesa ne a Jami'ar Oxford, mai 'ya'ya huɗu, har yana karɓar aikin duba takardun jarrabawa don ƙarin kuɗin cefane. Ya fara The Lord of the Rings a ƙarshen 1937, bai kammala ba sai 1949, aka buga shi a 1954 da 1955. A tsakani ya sha ajiye shi watanni masu yawa. Abin da ya riƙa mayar da shi kan hanya shi ne tarin taswirori da jadawalin kwanaki da ya tsara, inda yake lissafa wurin da kowane ayari yake a kowace rana, har da yadda farin wata yake a daren.

Yadda aiki ke haɗiye marubuta

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya fara ne a hannun ma'aikata. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Na farko da na biyu cike suke da almara: ɗaya neman ruwan waraka ne da taimakon aljanu, ɗayan kuma jarumi ne da ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasashen aljanu. Imam da Kagara da Ɓalewa duk malaman makaranta ne a lokacin, kuma Imam bai wuce shekara 22 ba.

Abin lura shi ne inda rayuwa ta kai su daga baya. A watan Janairun 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya riƙe kujerar shekara goma sha biyu, daga nan sai majalisa, sai hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya ci gaba da rubutu kan tarihi da addini da kimiyya, amma har ya rasu a 1981 bai sake fitar da wani ƙagaggen labari mai girman na farkon ba. Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, Shaihu Umar ya kasance na farko kuma na ƙarshe. Bello Kagara ya zama Walin Katsina. Babu ɗayansu da rashi ya tsayar. Ɗaukaka ce ta cinye musu lokaci. Wannan gargaɗi ne ga ƙwararren ma'aikacin da ke cewa zai koma kan littafinsa idan ya samu ƙarin girma. Kowace kujera tana zuwa da tarukanta da baƙinta, kuma su ne ke fara cin rabon rubutu.

Lokacin wa ake ci?

Da malamin Jandutsi zai zauna ya lissafa yininsa tsakani da Allah, zai tarar yana da wani rara da ba ya ƙirgawa: majalisa. Tsakanin magariba da isha, ko bayan isha har dare ya yi nisa, maza na zaune a dakali ko teburin mai shayi. Zaman nan yana da amfani, nan ake jin farashin taki da labarin wanda ba shi da lafiya, kuma wanda ya ƙaurace masa gaba ɗaya za a ce ya fara girman kai. Duk da haka lokaci ne da namiji ke da ikon ragewa ba tare da tukunyar kowa ta ƙone ba. Yana kuma da turaka ko zaure da zai iya keɓewa.

Idan aka juya misalin, mai burin ta zama ma'aikaciyar jinya ko malama mai 'ya'ya uku, lissafin ya canja. Ba ta da majalisar da za ta rage. Ɗakinta shi ne ɗakin yara, darenta kuma na girki da wanke-wanke da rarrashin mai kuka. Duk da haka mata sun yi rawar gani a Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta koma karatun manya ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Amma sunayen da suka fi fice a labaran yaƙi da aljanu, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, na maza ne. Akan danganta wannan da bambancin sha'awa. Ya kamata a duba siffar lokacin ma: labarin cikin gida yana iya rubutuwa cikin gutsattsarin mintuna, gina sabuwar duniya kuwa yana son dogon zama.

Marubuciyar almara ta Amurka, Ursula K. Le Guin, ta reni 'ya'ya uku tana rubutu da dare bayan sun yi barci, kuma ta sha bayyana cewa hakan ya yiwu ne domin ita da mijinta sun raba ɗawainiyar gida. Ma'anar ita ce, duk sa'ar da marubuci ya rufe ƙofa, akwai wanda ke riƙe da gidan a madadinsa. A mafi yawan gidajen Hausa matar ce. Marubucin da bai san da wannan bashi ba, ko ya sani ya ƙi ambata, zai wayi gari littafinsa ya zama kishiya.

Izinin da malami ke da shi

Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin masarautar Gwandu, ƙasar da rubutu ba baƙo ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littattafai da dama, ciki har da Diya'ul Hukkam da Tazyinul Waraƙat, alhali yana fama da yaƙi da mulki. Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta da Larabci da Fulatanci da Hausa tana riƙe da babban gidan Waziri Giɗaɗo a Sakkwato. Al'umma ta ɗauki rubutunsu ibada, saboda haka ta ba su sarari: ga almajirai masu hidima, ga masu kwafe littattafai, kuma ba a katse malami idan yana kan nazari.

Mai almara bai gaji wannan izini ba. Gadonsa na tatsuniya ne, wadda al'ada ta ware wa dare, har ana tsoratar da yaran da suka nemi yin ta da rana. Hikimar a fili take: rana ta aiki ce, Gizo da Ƙoƙi sai an gama hidima. Magidancin da ya ce ba zai je ɗaurin aure ba domin yana rubuta labarin aljanu zai sha kallo, wataƙila har a fara tambayar inda ya san sirrin bokaye haka. Wannan nauyi na mutunci yana sa da yawa su ɓoye aikin ko ga matansu, kuma aikin da ake ɓoyewa ba ya samun wanda zai kare masa lokaci.

Tarkon waya

Waya ta sauƙaƙa abu ɗaya: marubucin Jandutsi ba sai ya kai rubutunsa Kano ba kafin a karanta shi. Facebook da WhatsApp da Wattpad sun buɗe masa ƙofa. Amma al'adar da ta kafu a can ita ce ta sakin shafi kullum, masu karatu na jira suna ƙorafi idan an makara. Labarin da ake saki yana ɗanye ba ya karɓar gyara. Idan a babi na ashirin marubuci ya gano cewa dokar sihirin da ya kafa a babi na biyu ta toshe masa hanya, ba shi da damar komawa. Ga ma'aikaci mai iyali, alƙawarin shafi kullum bashi ne na uku a kan biyun da yake ɗauke da su. Ya fi masa ya kammala daftarin farko tukuna, sannan ya fara saki.

Abin da ya rage a hannu

Tunda babu hukumar da za ta sayi wata shida, sai a saye su da kaɗan-kaɗan. Kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, sun kai 78,000 a shekara, wato cikakken littafi. Rabin sa'a bayan sallar asuba ya isa hakan, muddin zaren bai yanke ba. Abin da ke hana shi yankewa shi ne littafin lissafin duniyar labarin: sunaye da zuriya, nisan garuruwa, dokokin sihiri, da jimla ɗaya a ƙarshen kowane zama da ke faɗin inda za a ɗora gobe. Ɗan kasuwar albasa a Aliero ba ya dogara da ƙwaƙwalwarsa wajen riƙe bashi, marubuci ma haka.

Kayan ginin kuwa suna kusa. Ga kufan Surame da ganuwarsa ta duwatsu, ga labarin Kanta da ya yi wa Askiya na Songhai tawaye a farkon ƙarni na 16, ga Sarkin Ruwa na Argungu da kadojin Matan Fada, ga masu ɗorin Aliero da sana'arsu ta gado. Tsofaffin da ke zuwa suna da zaman gaisuwa suna ɗauke da irin waɗannan labarai, don haka zumuncin da ke cin lokacin marubuci yana iya biyan sa da abin rubutawa idan ya je da kunne.

Mafi wuya shi ne zama da iyali a yi magana a fili: ga abin da ake so a yi, ga sa'o'in da zai ci, ga wanda zai ɗauki yara a lokacin, ga abin da za a rama masa da shi. Idan matar ce mai rubutun, wannan tattaunawa ita ce ke yanke hukuncin ko littafin zai wanzu. The Hobbit ya fara ne a matsayin labarin da Tolkien ke ba 'ya'yansa, kuma yaran Jandutsi da aka karanta wa babi na huɗu da dare su ne za su fara tambayar ina na biyar.